Taki Sittin da Takwas

Ranar Litinin takardar ta zo daga kwalejin Yamai, cikin jakar gumiye, dogarin da ke ɗauko wasiƙun kumandan, Baturen mulki, daga Maradi. Ni aka rubuto wa, Mushe Sa'adu, kamar yadda ake kiran malaman boko da Faransanci, malamin aji na ƙarshe a lakwal, wato makarantar Dakoro, domin sunana ke rubuce a wurinsu a matsayin mai kula da yaron. Layi biyar ce kawai. An ba Rhissa ɗan Agali izinin kwana goma ya je ya duba mahaifinsa da ya karye. Kwana goma sun wuce, an ƙara masa wasu, bai koma ba. In bai bayyana ba ranar Laraba ta sama, za a cire sunansa daga cikin masu zaman birebe, jarrabawar fita kwaleji, wadda saura wata biyu a yi.

Na karanta sau uku, na ninke ta daidai kan ninkinta na farko. Kamiyo, babbar motar da ke zuwa Maradi, sau ɗaya yake tashi a sati, safiyar Asabar bayan kasuwa. In Rhissa bai hau na wannan Asabar ba, zance ya ƙare.

Rhissa shi ne yaro na farko daga lakwal ɗinmu da ya kai nan. Shekara goma da suka wuce aka kawo mini shi daga wajen Azagor bisa raƙumin gumiye, lokacin da kumandan ya ce kowane zangon makiyaya ya ba da yaro guda. Kuka yake, ba ya jin Hausa sosai, balle Faransanci. Sati biyu bai ce mini uffan ba. Ni kuwa ba ni da wata baiwa sai haƙuri, na yi ta ajiye masa allo da alli a gabansa kowace safiya har ranar da ya ɗauka.

Tun farkon shekara nake shirya masa wani abu. Na sayi sabon kaye, littafin rubutu mai shafi talatin da biyu, na ja wa kowane shafi layi a gefe da jar tawada tun daga na farko har na ƙarshe, sannan na fara rubuta shawarwari ga ɗalibin da ya shiga watanninsa na ƙarshe. Guda goma sha bakwai suka fito, kowace da kanta da bayaninta. Niyyata in aika masa Yamai, amma kullum sai in ga wani waƙafi da bai zauna daidai ba, in ɗage.

Matata Halimatu tana tankaɗe gari ta ga ina naɗe kayen cikin tsumma.

"Malam, wannan ne zai ɗauko yaron?"

"Shawara ce a ciki."

"Guda nawa?"

"Goma sha bakwai."

"To, madalla. Kai guda nawa aka ba ka lokacin naka?"

Ta ci gaba da tankaɗenta kamar ba ta ce komai ba. Ita ta san abin da nake ɓoye wa ƴan lakwal. Ni ma na taɓa zaman birebe, kuma ban ci ba. Shi ya sa nake monita, ƙaramin malami, shekara goma sha huɗu ke nan. Ban taɓa yi wa ɗalibaina ƙarya a kai ba, amma in na ce musu "lokacin da muka yi birebe" nakan yi saurin wucewa gaba.

Ranar Alhamis babu lakwal. Laraba da hantsi na roƙi diraktar, shugaban lakwal, ya riƙe mini ajina, na ari goɗiyar maƙwabcina, tsohuwa mai haƙuri wadda halinmu ya zo ɗaya. Na sa farin wando da takalmin fata da kaska, hular rana irin ta Turawa, domin na ga ya kamata in isa da kwarjini. Bazara ce, sati uku bayan ƙaramar salla. Ƙasa ta yi fari fat, babu ko tsinken ciyawa kusa da hanya, zafi kuma yana tasowa daga rairayi kamar daga murhu. Kafin in isa zangon su Agali, kudu kaɗan da Azagor, kwarjinin duk ya jiƙe da gumi.

Na tarar da Agali a inuwar bukka, hannunsa na dama ɗaure cikin karare da fata tun daga kafaɗa. Igiyar rijiya ce ta fizge shi ya faɗi bisa kwamin shayar da shanu. Dogo ne, mai ƙarancin magana, rawaninsa ya rufe baki, idanunsa kaɗai ake gani. Muka gaisa gaisuwa mai tsawo: gajiya, zafi, iyali, dabbobi, kumandan, hannu. Matarsa Fadimata ta kawo ruwa. Can kusa da magariba Rhissa ya shigo bayan shanu. Da farko ban gane shi ba. Ya rame, ya yi baƙi, tafin hannunsa ya tsattsage. Ya durƙusa ya gaishe ni, bai ɗaga kai ba. Jakar littattafansa na rataye a jikin bukka, igiyar bakinta a ɗaure yadda aka ɗaure ta tun Yamai.

Na ba shi takardar kwaleji. Ya karanta sau ɗaya ya mayar mini.

"Na sani, Mushe."

"Asabar kamiyo zai tashi."

"Shanu ashirin da bakwai ne. Rijiya gaba talatin. Anna, mahaifiyata, tana iya jan takarkari, amma wa zai karɓi wasakin ruwa a bakin rijiya? Ƙannena mata ne, babbar shekararta tara. Damina sai nan da wata biyu in Allah ya kawo ta da wuri."

Na juya ga Agali. Ya daɗe yana kallon hannunsa.

"Ni ban kira shi ba, uwarsa ce ta aika," in ji shi. "Ranar da anka tahi da shi ba a tambaye ni ba. Yanzu ma ba ni cewa ya tahi, ba ni cewa ya zamna."

Washegari bayan sallar asuba, Fadimata ta ɗora shayi, na ga lokaci ya yi. Na kwance kayen daga tsumma, na gyara zama. Da Faransanci na rubuta, amma saboda girmama mai gida sai nake karanta kowace in mayar da ita Hausa.

"Shawara ta ɗaya. Ɗalibi ya tashi da asuba, ya fara da lissafi tun kansa na da sanyi."

"Wannan yana yi," in ji Agali. "Kullum da asuba yana lissafa shanu."

"Ta huɗu. Kada ya bar darasin yau ya kwana. Ta shida. Ya raba abin da ya rage masa gida takwas, kowane sati gida guda, ya bar sati na ƙarshe don bita."

Agali ya gyaɗa kai cikin ladabi.

"Ta tara," na ce, muryata ta ɗan ragu. "Ya nisanci rana da aikin ƙarfi, domin jikin da ya gaji ba ya riƙe karatu."

Rhissa ya ɓoye hannuwansa cikin riga.

"Ta goma sha ɗaya. Kada ya sha ruwan da ba a tace ba."

Agali ya leƙa ƙoƙon da ke gabansa, ya leƙa nawa, wanda na shanye tun ɗazu.

"Mushe, saura nawa?"

"Shida."

"Allah shi ba da lada. Amma shanu sun tashi."

Na rufe kayen, na bi Rhissa zuwa rijiya. A hanya na tambaye shi ko babu maƙwabcin da zai kama musu. Ya ce akwai Jimrau, wanda gwafarsa ke kusa da tasu a bakin rijiya, yana da ƴaƴa maza uku, duk ƙarfafa. Amma shekara uku da suka wuce bijimin Jimrau ya riga na Agali sa baki a kwamin Agali, aka faɗi magana guda wadda ba ta kamata ba, tun daga nan sai gaisuwa kawai.

"Da Abba ya karye ya zo dubiya," in ji Rhissa. "Ya zauna, an yi shayi har zubi uku. Shi yana jira a roƙe shi, Abba yana jira ya yi tayi. Shayi ya ƙare, kowa ya tashi."

Nan wata dabara ta zo mini, kuma na ji daɗinta ƙwarai.

"Ni zan tsaya maka," na ce. "Alhamis da Lahadi babu lakwal. Zan riƙa zuwa ina shayar da shanun."

"Mushe, kwana ɗaya suke sha, kwana ɗaya su tafi kiwo. In sun sha Lahadi, Talata fa?"

"Za mu duba wannan. Komai in an tsara shi a takarda yana yiwuwa."

Rhissa yaro ne mai tarbiyya, ya bar ni da tsarina.

Ban taɓa tsayawa na kalli yadda ake jan ruwa a irin wannan rijiya ba, ko da yake na sha koyar da lissafinta a allo. Gwafa huɗu ce kafe a bakinta, kowace ta wani gida, kowace da ɗan gungumen itace mai juyawa wanda igiya ke gudu a kansa. A ƙarshen igiya akwai wasaki, babban guga na fata da ke cin ruwan tulu uku. Ɗaya ƙarshen a jikin takarkari yake. Wani ya ja takarkarin ya yi nisa da shi, wasaki ya taso, na bakin rijiya ya yi ihu, takarkari ya tsaya, shi kuma ya rungumo wasakin ya kai kwami ya juye. Daga nan a dawo a sake, tun hantsi har rana ta karya.

Jimrau na tsaye a gwafarsa, gajere mai faɗin ƙirji da babbar murya, ƴaƴansa na kai da kawowa. Agali ya biyo mu a hankali ya zauna gindin wata aduwa. Suka ɗaga wa juna hannu daga nesa.

Na cire kaska, na naɗe ƙafar wando, na ce a bar ni in karɓi wasaki na farko. Ba a hana baƙo abin da ya nace. Fadimata ta ja takarkari, igiya ta yi ta gudu, wasaki ya fito yana zubar da ruwa. Na rungume shi yadda na ga Rhissa ya yi niyyar yi. Abin da na sani kawai shi ne na tsinci kaina zaune cikin taɓo, wasakin bisa cinyata, rabin ruwan cikin rigata.

"Sannu, Mushe!" in ji Jimrau. "Wanka kake so? Ai da ka hwaɗi, sai mu kawo sabulu."

Ƴaƴansa suka juya baya suna dariya. Rhissa ya ɗaga ni.

Fadimata ta zo ta miƙa mini igiyar hancin takarkari, cikin tausayi. Daga baya na ji cewa wannan aikin ƴan shekara bakwai ne.

"Bi shi kawai, Mushe," in ji Rhissa. "In ka ji ihuna ka tsaya. Shi ma ya sani."

Tsohon takarkari ne ja, ƙaho ɗaya a karkace. Ya dube ni sau ɗaya, ya kama hanyarsa, wadda kofatonsa ya riga ya haƙa cikin rairayi. Ina biye ina jin tsoron kada ya taka ni. Amma ko cikin tsoro halina bai bar ni ba, na ƙirga takina. Sittin da takwas, sai na ji ihun Rhissa. Muka dawo. Na biyu ma sittin da takwas. Na uku haka.

Sai raina ya yi fari. Na ce a zuciyata, ga mutane shekara da shekaru suna tsage maƙogwaro da ihu, alhali abin lissafi ne. Zurfin rijiya ba ya sauyawa tsakanin wasaki da wasaki. Taki sittin da takwas, a tsaya. Har na fara tunanin yadda zan sa wannan a allo ranar Juma'a. A jan na huɗu na wuce gaban takarkarin. A na biyar na mayar da kaska kaina. Na ga matan da ke cika salkuna suna kallona, na ga ƴaƴan Jimrau sun daina dariya. Na miƙe ƙirji, na fara ƙirgawa da ƙarfi, da Faransanci, don su san akwai ilimi a cikin abin.

Abin da ban sa a lissafi ba shi ne ƙafata. Takin farko na mai tsoro ne, gajere. Yanzu takin mai alfahari nake yi, kowane ya kusa ɗaya da rabin na ɗazu.

A jan na shida, ina hamsin da ɗaya, takarkari ya tsaya cak. Ni ban ji komai ba sai muryata. Na waiwaya na dube shi da irin kallon da nake yi wa yaron da ya ajiye alƙalami kafin a gama shifta.

"Saura goma sha bakwai," na ce masa.

Bai motsa ba. Na ja igiyar hanci. Ya turje. Ni mai haƙuri ne, ban taɓa dukan ɗalibi ba, amma na san nacewa. Na kafa takalmina cikin rairayi na ja da iyakar ƙarfina. Dabbar Allah ta yi nishi, ta ga dai ba zan bari ba, ta sunkuyar da kai ta bi ni.

Na ji ƙarar a bayana, kamar an harba bindiga. Wasakin ya riga ya kai gungume tun ɗazu, ya cije a nan, babu sauran inda za shi. Gwafar Agali ta karye daga gindi. Rhissa ya yi tsalle gefe, itacen ya wuce ta inda kansa yake, wasakin ya tashi sama ya fashe a ƙirjin Jimrau. Takarkarin ya ci gaba da jan gwafa da gungume da yagaggen wasaki cikin rairayi, har ya zo ya tsaya kusa da ni. Ashe duk rijiya ihu take yi mini, har mata.

Na tsaya da igiya a hannu. Na fara duba Rhissa, na ga yana tsaye da ƙafafunsa. Da itacen ya sauka taki guda hagu, da babu sauran zancen birebe, kuma da hannuna.

Wurin ya yi tsit, sai kukan shanun Agali. Biyar kawai suka sha. Sauran ashirin da biyu sun kewaye kwami suna lasar danshi, kwana biyu rabonsu da ruwa. Babu gwafa, babu wasaki.

Jimrau ya kwance rawaninsa, ya matse shi a hankali, ya mayar. Bai dubi Agali ba. Ya juya ga ƴaƴansa.

"Mi kuke kallo? Ba ku ga shanu tsaye ba? Ku juye can."

A bakin rijiya haka ake yi. In kayan jan mutum suka lalace dabbobinsa na tsaye, na kusa da shi ne ke shayar da su, ba a roƙo, ba a godiya mai yawa. Ko gaba ake yi, ba a barin saniya ta koma daji da ƙishirwa saboda igiya ta tsinke. Ƴaƴan Jimrau suka riƙa kai wasaki ɗaya kwaminsu, ɗaya kwamin Agali.

Agali ya taso daga gindin aduwa. Shi da Jimrau suka tsaya kan karyayyar gwafar kamar masu ta'aziyya. Ni ma na matso, kaska a hannu, ina neman kalmar ban haƙuri.

"Ta mutu," in ji Jimrau.

"Ta mutu," in ji Agali. "Ubana ya kahwa ta."

"Irin wagga ba a samunta yanzu. Itacen yanzu duk ruɓaɓɓe ne."

"Babu ƙwari."

"Sai an tahi can cikin kwarin Tarka an nema, an saro, an bari ta bushe. Ni dai ban ga a gama ba kahin ruwa ya sauka."

"Da wuya," in ji Agali.

Ni kuwa a hanyata jiya na ga itatuwa masu gwafa har huɗu, na ƙirga su, ɗaya ma daga inda muke ana hango ta. Na ga dama ce ta in gyara ɓarnata.

"Ai kuwa na ga wata can bakin..."

"Mushe, sha hura." Fadimata ce ta turo mini ƙwarya har ƙirji.

"Na gode, na ƙoshi. Cewa nake akwai wata..."

"Sha, Mushe. Rana ta yi zahi."

Na dubi idonta, na dubi na Rhissa, wanda ya kafa mini su yadda nakan kafa masa nawa in zai ba da amsar da ba ita ba. Na kai ƙwaryar baki. Na daɗe ina sha, har sai da na gane ba gwafa suke nema ba, hanyar shiri suke nema ba tare da wani ya roƙa ba.

"To, kahin nan sai su sha a tawa," in ji Jimrau, yana kallon sama. "Ba don kowa ba. Ba ni son kukan shanu kusa da kunnena."

"Kunnenka dai," in ji Agali. "Tun muna yara shi ka ba ka wahala."

"Amma da sharaɗi guda. Wanga bawan Allah kar ya ƙara taɓa igiya a rijiyar nan. Mushe, ka ji? Ka koya wa ɗiyanmu abin da kake koya musu, mun yarda. Takarkari kuwa ka bar shi, ya gama lakwal ɗinsa."

"Na ji, Baba Jimrau," na ce. "Shi ke da gaskiya. Ya tsaya inda ya kamata."

"Mun gani. Ya yi maka bayani har sau biyu."

Sai Agali ya juya wajen ɗansa. Bai kira sunansa ba, ɗan fari ne.

"Kai kuma, mi kake jira nan? Ba ni da gwahwa, ba ni da wasaki. Namiji ba ya tsayuwa bakin rijiya hannu sake, kunya ce. Tahi ka ɗauki jakarka."

Rhissa ya dubi shanun da ke sha, ya dubi ƴaƴan Jimrau, babban cikinsu ya ɗaga masa haɓa alamar ya tafi. Ya durƙusa gaban ubansa, Agali ya ɗora masa hannun hagu a ka.

Da rana ta yi sanyi muka kamo hanyar Dakoro. Jakar littattafai muka ɗora wa goɗiya, mu muna tafe a ƙasa. Farin wandona ya bushe da taɓo, ya yi tauri kamar fata. Muka yi nisa. Abin na cina, na ga in ban faɗa yau ba ba zan taɓa faɗa ba.

"Rhissa, akwai abin da ban taɓa gaya maka ba. Ni ban ci birebe ba."

"Mun sani, Mushe."

Na tsaya.

"Ku wa?"

"Duk lakwal. Tun muna aji biyu manya suka gaya mana."

"Kuma ba wanda ya taɓa cewa komai?"

"Me za mu ce? Kai ka koya mana karatu."

Muka ci gaba da tafiya. Shekara goma sha huɗu ina lallaɓa wannan asiri kamar mai ɗauke da ƙwai a aljihu.

"Amma ba ku san dalili ba," na ce. "Ranar lissafi na san duk amsoshin. Na yi su a takardar gwaji, ɗaya bayan ɗaya, daidai. Sannan na ɗauko takardar da za a karɓa, na ga ba ta da layi a gefe. Na fara ja. Na shafi na biyu ya karkace kaɗan, na nemi wata takardar na sake. Mai tsaro ya ce saura minti goma, an ce har sau biyu ya faɗa. Ban ji ba. Da aka karɓe, sunana ne kawai a kai, da kwanan wata, da layi mai kyau ƙwarai."

Rhissa ya yi ƙoƙari, amma dariyar ta fi ƙarfinsa. Ni ma na yi, har goɗiya ta tsaya tana jiranmu.

Na ciro kayen, na buɗe shawara ta goma sha bakwai, wadda ban kai gare ta ba da safe. Na miƙa masa ya karanta da kansa: ranar jarrabawa, kafin ɗalibi ya rubuta komai, ya tsara takardarsa, ya ja layi a gefen kowane shafi. Na karɓa, na ciro fensir, na soke ta. Hannu kawai na sa, layin ya fito a karkace, na bar shi haka.

"Sauran ka duba, wataƙila akwai biyu ko uku masu amfani. Ta shida ba ta da laifi. Wata biyu ya ishe ka in ka fara daga cikin kamiyo. Kuma in mai tsaro ya yi magana, ka ɗaga kai ka ji."

"To, Mushe."

Ya kwana biyu a gidana. Halimatu ta shafa masa man shanu a tafin hannu don ya iya riƙe alƙalami, ta yi masa guzurin ƙuli-ƙuli da dabino. Wandona kuwa ta ɗaga shi sama ta duba gaba da baya.

"Shawara ta nawa ce wannan?"



Safiyar Asabar muka raka shi bakin kasuwa. Kamiyon ya cika da fatu da buhunan gero da mutane bisa. Rhissa ya hau, ya sami wuri, sai ya leƙo.

"Mushe, kayen fa? Ba ka ba ni ba."

Na zaci ya manta da shi, na kuma yi niyyar barin zancen. Daɗi ya kama ni. Na miƙa masa da hannu biyu.

"Za ka karanta?"

"Zan karanta. Kuma na ga akwai shafi goma sha biyu a baya da ba a rubuta komai ba. Takarda na wuya a Yamai."

Kamiyo ya tashi.

Bayan sati uku gumiye ya kawo wasiƙa. Rhissa ya isa ranar Talata da la'asar, sunansa na nan cikin masu zama. Ya raba karatunsa gida bakwai, tunda sati guda ya tafi. Yana gaida Halimatu, yana tambaya ko na ji labarin hannun Abba, yana kuma roƙo in na ga Baba Jimrau ran kasuwa in gaishe shi, amma daga nesa. Na gane takardar tun kafin in karanta, daga kayena ya yago ta. Jan layina na nan a gefe, miƙe sambal. Rubutunsa ya fara tun daga bakin takarda, ya bi ta kan layin ya wuce.